Lambar da ke kan allo da hasken da ke sauka a fata: fashin baƙi kan saita na'urar cire gashi ta leza

A kan allon kowace na'urar cire gashi ta leza, wato mai aiki da haske mai ƙarfi da aka tattara wuri ɗaya, akwai wata lamba da mai aiki yake zaɓa kafin ya ɗora kan na'urar a jikin mutum. Zai iya danna 14, ko 25, ko 40. Lambar tana nufin yawan ƙarfin hasken da zai sauka a kan kowace santimita ɗaya murabba'i ta fata, ana kuma ƙirga shi da ma'aunin da ake kira jul. Mai aiki ya yarda da lambar, wanda ke kwance a kan gado kuma ya yarda da mai aiki. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, wa ya tabbatar cewa abin da allo ya faɗa shi ne abin da ya fito daga bakin na'urar? Allo dai umarnin da aka bai wa na'urar yake nunawa. Abin da ta aikata kuwa sai an auna ake saninsa.

Saiti iri biyu ne a wannan sana'a, kuma an cika cakuɗa su. Akwai na injiniya, wato a tabbatar na'urar tana fitar da abin da ta ce tana fitarwa. Akwai na likita ko ƙwararren da ke riƙe da ita, wato a zaɓi lambobin da suka dace da wannan fatar da wannan gashin a wannan ranar. Na biyun a kan na farko yake zaune. Komai ƙwarewar mai aiki, in na'urarsa tana yi masa ƙarya, lissafinsa ya tashi a banza tun bai fara ba.

Kafin a gane dalilin da kuskure kaɗan yake zama babbar ƙuna, sai an san abin da hasken yake yi a cikin fata. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a duniya a 1960 a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ba a jima ba likitocin fata suka fara gwada ta. Sai dai a wancan lokacin hasken ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar ƙona shi yake yi. A 1983 ne likitoci biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita. Sun nuna cewa ana iya lalata wani ɗan ƙaramin abu a cikin fata ba tare da an taɓa maƙwabtansa ba, muddin an cika sharuɗɗa uku: a zaɓi hasken da abin ya fi kowa sha, a ba shi ƙarfin da ya isa, sannan a taƙaita lokacin harbin yadda zafin ba zai samu damar bazuwa ba. A batun gashi, abin da ke shan hasken shi ne melanin, sinadarin da ke sa gashi baƙi. Haske ya ratsa fata, silin gashi ya sha shi ya yi zafi, zafin ya isa ga ƙwayoyin da ke kewaye da saiwar waɗanda su ne ke haifar da sabon gashi, ya lalata su.

To, melanin ɗin da ke cikin gashi shi ne dai a saman fatarmu. Saiwar gashi tana can ciki, zurfin milimita kaɗan, kuma dole hasken ya bi ta fatar sama kafin ya kai gare ta. A jikin Bature mai farar fata da baƙin gashi, hanya a buɗe take, hasken ya wuce kai tsaye. A jikin baƙar fata kuwa, fatar sama ita ce ta fara shan rabonta. Gwaje-gwajen farko na tsakiyar shekarun 1990 da lezar yaƙutu, mai zangon haske nanomita 694 (zango shi ne tsawon igiyar hasken, wanda ke bambanta wani haske da wani, nanomita kuma ma'auninsa), a kan masu farar fata aka yi su, kuma na'urorin wancan zamani sun bar wa baƙaƙen fata da dama ƙuna da tabo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar cire gashi ta farko a 1995, kuma abin da take yarda kamfanoni su yi iƙirari shi ne rage gashi na dindindin. Kawar da shi gaba ɗaya har abada ba ya cikin abin da ta sa wa hannu, ko da masu talla za su faɗa.

A yau zango uku aka fi amfani da su. Akwai lezar alezandarait mai nanomita 755, akwai dayod mai 800 zuwa 810, sai Nd:YAG mai 1064. Duk yadda zangon ya ƙara tsawo, melanin ya rage shansa, hasken kuma ya ƙara nutsawa ciki. Shi ya sa Nd:YAG ce likitocin fata suka fi aminta da ita ga baƙar fata, domin tana wuce fatar sama da ɗan sauƙi. Farashin wannan sauƙin shi ne gashin ma ba ya shanta sosai, don haka sai an ɗaga ƙarfi. Lambar da take matsakaiciya a Nd:YAG tana iya saɓule fata in aka danna ta a alezandarait. Duk wanda ya kwafo lamba daga bidiyon intanet bai san da wace na'ura aka yi aikin ba, ya ɗauko wa kansa da mutanen da ke zuwa wurinsa masifa.

Tsakanin ƙarfin da ya isa ya lalata saiwa da ƙarfin da zai ƙona fata akwai tazara. A farar fata tazarar tana da faɗi. A tamu fatar ƙunci gare ta ƙwarai. A nan ne batun awo ya zama namu fiye da na kowa.

Ƙa'idar duniya da ta shafi lezar asibiti, wadda ake kira IEC 60601-2-22, ta yarda abin da na'ura ta fitar ya bambanta da abin da aka danna da kashi 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Dokar Amurka ma iyakar da ta sa ke nan. A yi lissafi. In an danna 30, na'ura mai lafiya wadda ba ta karya wata doka ba tana iya fitar da 24, tana iya fitar da 36. Na'urori biyu na kamfani ɗaya, a ɗaki ɗaya, allonsu duka ya nuna 30, amma tsakaninsu akwai jul 12. Wannan fa a na'urar da ake kula da ita ke nan. Wadda ta shekara uku ba wanda ya auna ta, Allah kaɗai ya san inda ta tsaya. Kamfanoni masu suna sukan yi ƙoƙari su matse kuskuren ya yi ƙasa da haka sosai, amma hakan ba ya ɗorewa sai da kulawa.

Me ke sa na'ura ta kauce? Tsufa ne da datti, galibi. A alezandarait da Nd:YAG akwai wata fitila mai walƙiya da ke cusa ƙarfi a cikin sandar da ke haifar da hasken. Fitilar tana da adadin harbin da za ta iya, kuma tun kafin ta mutu haskenta yake ja da baya. Akwai madubai a ciki da ke iya gocewa in an jijjiga na'urar a mota ko an tura ta daga ɗaki zuwa ɗaki a kan dakali. Akwai igiyar gilashi da ke kai hasken zuwa kan da ake riƙewa, wadda in aka lanƙwasa ta da yawa ko aka taka ta sai ta fara zubar da ƙarfi a hanya. A dayod kuwa, jerin ƙananan sandunan da ke ba da hasken suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, musamman in zafi ya yi musu yawa. Ruwan da ke zagayawa yana sanyaya cikin na'urar tataccen ruwa ne na musamman da aka cire wa gishiri. Wanda ya zuba ruwan leda ko na rijiyar burtsatse don ya ga ai ruwa ruwa ne, ya fara kashe na'urarsa a hankali.

Sai ɗan gilashin nan da ke bakin kan na'urar, wanda shi ne na ƙarshe kafin fata. A ɗaga shi a duba a gaban fitila bayan an gama wa mutum ɗaya aiki a gemu. Za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kamar an yayyafa barkono, toka ce ta gashin da ya ƙone ya fantsamo. Kowane ɗigo yana shan haske a harbi na gaba, ya yi zafi, ya ƙara mannewa, har ya huda rami a jikin gilashin wanda gogewa ba ta fitar da shi. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ƙarfin da ke isa saiwa ya ragu. Sannan in gilashin irin wanda ke taɓa fata ne, ɗigon da kansa ya zama ɗan garwashi a kan jikin mutum, ya bar ƙananan ƙone-ƙone jere a duk inda aka bi. Goge wannan gilashi da auduga da sinadarin da kamfanin ya ba da umarni, kafin aiki da tsakiyar aiki, ba ya cin minti guda, amma yana cikin abubuwan da aka fi sakaci da su.

Na'urori da yawa suna da ma'auni a cikinsu, shi ya sa masu su suke cewa ai tana saita kanta. Gaskiya ne, amma da sauran magana. In ma'aunin yana can ciki kusa da inda ake haifar da hasken, bai san abin da ya faru a igiya ko a gilashin baki ba. Wasu na'urorin kuma suna da wani rami a jikinsu inda ake cusa kan, ta yi harbi kaɗan, ta auna abin da ya fito daga ƙarshe, ta gyara kanta. Wannan ya fi. Sai dai ramin ma yana da nasa gilashin. In ƙura ta rufe shi, na'urar za ta ga kamar haskenta ya yi rauni, sai ta ƙara wuta don ta cike giɓin da babu shi. Allo ya nuna 20, fata ta karɓi fiye da haka. Ma'aunin cikin shi ma yana tsufa, kuma ba ya iya gano kuskuren kansa.

Shi ya sa ake buƙatar injiniya ya zo da nasa ma'aunin daga waje. Zai kunna na'urar ya bar ta ta ɗumama, ya kafa ma'aunin a gaban kan, ya yi harbi da yawa a ƙaramin ƙarfi da matsakaici da babba, kuma ya maimaita a kowane faɗin baki da ake aiki da shi, wato faɗin da'irar hasken da ke sauka a fata. Abin da yake nema biyu ne: shin matsakaicin abin da ya fito ya yi daidai da allo, kuma shin harbi na ɗaya da na goma sun yi kama da juna? Na'urar da ke fitar da 18 yanzu, 26 anjima, ta fi wadda kullum take fitar da 18 haɗari, domin ita ta biyun an san halinta. Zai kuma harba hasken a kan wata baƙar takarda ta musamman don ya ga siffarsa. Abin da ake so shi ne da'ira cikakkiya wadda ta ƙone bai-ɗaya daga tsakiya har gefe. In tsakiyar ta fi ci, ko gefe ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi fari, to jimillar ƙarfin tana iya zama daidai alhali wani yanki na fata yana karɓar ninki. Ma'aunin injiniyan shi ma sai an riƙa aika shi ana gwada shi da ma'aunin asali, irin wanda hukumar awo ta Amurka, NIST, take riƙe da shi, kuma ya kamata ya iya nuna takardar hakan. Bayan ya gama, ya bar takarda mai kwanan wata da lambar na'urar, da abin da ya tarar kafin ya taɓa komai, da abin da ya bari bayan gyara. Yawancin kamfanoni suna so a yi wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da aka sauya fitila ko igiya ko aka yi wa na'urar doguwar tafiya.

Abin da ya tarar kafin gyara shi ne a ganina ya fi komai muhimmanci a takardar, ga kuma dalili. Na'ura tana rauni ne a hankali, ba wanda ke lura. Mai aiki dai ya ga gashi ba ya amsawa kamar da, sai ya ƙara lamba. Wata biyu ya sake ƙarawa. A ƙarshe yana rubuta 40 a katin mutane, alhali 30 na'urar take bayarwa, kuma kowa lafiya. Ran nan injiniya ya zo ya sa sabuwar fitila ya daidaita komai. Washegari wata baiwar Allah ta zo zama na biyar, aka buɗe katinta aka ga 40, aka danna 40. Yau kuwa 40 ɗin na gaskiya ne. Ranar da ta fi kowace haɗari a rayuwar na'ura ita ce ranar da ta biyo bayan gyara, kuma ina ganin duk wurin da ya san abin da yake yi dole ya ɗauki tsofaffin lambobin katinsa a matsayin waɗanda suka daina aiki, ya koma ƙasa ya sake hawa.

Faɗin baki ma yana da nasa tarkon, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Da'ira mai faɗin milimita 18 tana rufe fili santimita murabba'i 2.54. Mai faɗin 12 tana rufe 1.13. In aka zuba jul 30 a ta farko, kowace santimita ta samu wajen 12. A ta biyu kuwa ta samu sama da 26. Ƙarfi ɗaya, sakamako ya ninka har da ɗoriya. Na'urori na zamani suna gane bakin da aka ɗaura su yi lissafin da kansu, amma in abin da ke gane bakin ya lalace, ko aka sa bakin da ba na kamfanin ba, na'urar tana lissafi da faɗin da ba shi ne a jikinta ba. Haka in ɗan ƙarfen da ke tsayar da tazara tsakanin kai da fata ya lanƙwashe, ko mai aiki ya karkata hannunsa. Akwai kuma wani abin da ba lissafin fili ba: baki mai faɗi yana kai haske zurfi fiye da ƙarami ko da lambar allo ɗaya ce, saboda hasken ba ya watsewa gefe da yawa. Don haka wanda ya ƙara faɗi sai ya rage ƙarfi.

Mu dawo ga saiti na biyu, na mai riƙe da na'urar. Bayan zango da ƙarfi da faɗi, akwai tsawon harbi, wanda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Shayin da ke cikin cokali yana hucewa nan take, wanda ke cikin kofi kuwa yana daɗewa da zafinsa. Fatar sama siririya ce, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, tana sakin zafi da sauri. Saiwar gashi mai kauri ta fi ta jiki, tana riƙe zafi. In aka ja harbin ya ɗan yi tsawo, fatar sama tana samun damar hucewa a daidai lokacin da saiwar take tara zafi. Saboda haka ake tsawaita harbi ga baƙar fata da gashi mai kauri, a gajarta shi ga siririn gashi. Jul 30 da aka zuba cikin kashi 3 cikin dubu na sakan da wanda aka zuba cikin kashi 30 lamba ɗaya ce a allo, amma fata ba ta ɗauke su ɗaya ba.

Sanyaya fata kuwa, a wurinmu rabin aikin ne. Wasu na'urorin suna da gilashi mai sanyi da ke taɓa fata, wasu suna fesa wani sinadari mai tsananin sanyi ƙiftawar ido kafin hasken ya fita, wasu iska mai sanyi ake hurawa. Duk lambar da kamfani ya rubuta a littafinsa ya rubuta ta ne bisa zaton sanyin yana aiki. In gwangwanin feshin ya kusa ƙarewa, ko bakin feshin ya goce ya daina sauka daidai inda hasken ke sauka, sai a ga ƙuna mai siffar jinjirin wata a jere a ƙafa ko a wuya, wato gefen da sanyi bai rufe ba. Mai aiki na gari yana taɓa gilashin da bayan hannunsa kafin ya fara, ko ya gwada feshin ya ga inda ya sauka. Injiniyan da ya auna haske bai duba sanyi ba ya bar aikinsa a rabi.

Ana yawan amfani da wani jadawali na rarraba fata gida shida, wanda likita Thomas Fitzpatrick na Harvard ya ƙirƙiro a 1975. Asalinsa don auna yawan hasken da za a bai wa fararen fata masu wata cutar fata aka yi shi, kuma ya dogara ne ga tambayar ko rana tana sa fatarka ta yi ja. Gida na biyar da na shida daga baya aka ƙara su. A ce duk launukan da ke tsakanin Agadas da Kumasi, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi wuluk, an cusa su a gida biyu, ai ka san jadawalin bai ishe mu ba. Jikin mutum ɗaya ma ba launi ɗaya ba ne: hammata da matsematsi da bayan wuya sun fi kumatu duhu.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne gwaji a ɗan wuri. A zaɓi gefen da ba ya bayyana amma launinsa ɗaya da inda za a yi aikin, kamar ƙarƙashin muƙamuƙi, a yi harbi kaɗan da ƙarfi hawa biyu ko uku, a fara daga ƙasa. Bayan 'yan mintoci, alamar da ake nema ita ce ɗan kumburi kewaye da kowane ramin gashi, kamar tsikar jiki ta tashi, da ɗan ƙaurin gashi. Littattafai suna cewa a duba ja, amma ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka yatsa ya fi ido amfani: a shafa a ji ƙananan tudun. In fatar ta koma toka-toka ko fari, ko ta yi bororo, ko ta motsa kamar za ta saɓule in an shafa, an wuce gona da iri. Sannan a sallami mutum ya tafi gida. Baƙar fata takan jinkirta nuna ɓacin ranta, don haka ana jira kwana biyu ko fiye kafin a yi cikakken aiki. Na san masu zuwa da kansu ne kan matsa a yi a gama yau, musamman in biki ya ƙarato. Amma tabon ƙuna a fatarmu yakan zama baƙin tambari ko fari da ke ɗaukar watanni kafin ya baje, wani ma ba ya bajewa, kuma masu jikin da tabo ke yi wa tudu sun fi kowa shiga uku.

Zafin da mutum ke ji shi ma ma'auni ne, bai kamata a kashe shi gaba ɗaya ba. Wanda aka shafe wa wuri da man kashe zafi mai ƙarfi ba zai iya cewa a dakata ba lokacin da fatarsa take ƙonewa. Man kansa yana da haɗari in ya yi yawa. A 2007 FDA ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu 'yan mata biyu a Amurka, waɗanda suka shafe ƙafafunsu da irin wannan man suka naɗe da leda kafin a yi musu aikin, maganin ya shiga jininsu.

Akwai abubuwan da suka shafe mu waɗanda littafin kamfanin da aka rubuta a Turai ko Amurka bai san da su ba, kuma dole a tambaya. Mai shafa man bilicin launin da ake gani a fuskarta ba shi ne na asali ba, kuma mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid suna sa fata ta yi siriri ta kasa jure zafi. Ta faɗi gaskiya, ba wurin jin kunya ba ne. Wadda ta yi halawa ko ta tsige gashin kwanan nan ta cire abin da hasken zai kama, sai ta jira ya dawo, sannan a aske shi da reza kwana ɗaya kafin aiki, domin gashin da ya yi tsawo a waje a kan fata yake ƙonewa. Lalle da kwalli da duk wani zane mai duhu suna shan haske, ba a bi ta kansu. Ga maza masu fama da ƙurajen aski a gemu da wuya, waɗanda gashi mai murɗewa ke komawa cikin fata ya haifar, Nd:YAG tana taimakawa ƙwarai, amma wuraren da tsofaffin ƙuraje suka bar baƙi sun fi sauran fatar shan haske. Mace kuma da gashi ya fito mata a haɓa tare da rikicewar al'ada, ta fara ganin likita, domin sau da yawa matsalar daga sinadaran jiki take, kuma in ba a kula da tushen ba gashin zai yi ta dawowa.

Kada kuma tsoron ƙuna ya sa a ɗauka cewa rage ƙarfi sosai shi ne tsira. Hasken da bai isa ya lalata saiwa ba yana iya zaburar da ita. Likitoci sun tabbatar da cewa wasu mutane, musamman masu duhun fata, gashi yakan ƙaru musu a fuska da wuya bayan an yi musu aiki da raunin haske, siririn gashin da ba a damu da shi ba ya koma mai kauri. Na'urar da ta yi rauni ba a sani ba tana iya jawo wannan, bayan kuɗin da mutum ya yi ta zubawa.

Yanayinmu ba ya tausaya wa waɗannan na'urori. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafar iska ta kwanta a kan madubai. Zafin bazara yana sa ruwan sanyaya ya kasa, don haka ɗakin yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki. Wuta tana hawa tana sauka, a ɗauke a koma janareta ana tsakiyar aiki, alhali na'urar tana tara wutar ne ta sake ta a harbi guda, kuma tana son ta samu tsayayyiya. Na'urar daidaita wuta mai ƙarfin da ya dace wajibi ce. Da yawa daga cikin na'urorin da ke shigowa na hannu ne, ba tarihin gyara, ba wakilin kamfani a kusa. Wasu kuma da ake tallatawa a intanet da sunan leza fitila ce kawai mai watsa haske mai zango barkatai, wadda ake kira IPL, kuma tana saurin ƙona baƙar fata. Wanda zai zuba miliyoyi ya sayi na'ura, ya fara tambayar wa zai riƙa auna masa ita, kuma daga ina zai zo. Mai zuwa a yi masa aiki shi ma yana da haƙƙin ya tambayi zangon na'urar da ranar da aka auna ta a ƙarshe, ya kuma nemi a yi masa gwaji.

Ido kuwa ba ya karɓar kuskure ko sau ɗaya. Waɗannan na'urori suna aji na huɗu, mafi haɗari a rabe-raben leza, kuma cikin ido cike yake da melanin. Hasken Nd:YAG ba a ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa. Kowa a ɗakin sai ya sa tabarau, kuma kowane tabarau an rubuta zangon da yake tarewa a jikinsa. Na 755 ba lallai ya tare 1064 ba. Ba a yin aiki a ƙasan gira ko kan fatar ido, domin rufe ido ba ya hana hasken ratsawa. Hayaƙin gashin da ke tashi ma a samu abin zuƙe shi, saboda mai aikin da ke shaƙarsa kullum.

Saiti ba ya ƙarewa a zama na farko. Hasken ya fi tasiri a kan gashin da ke cikin lokacin girma, kuma ba duka gashi ke wannan mataki a lokaci guda ba, shi ya sa ake maimaita zama shida ko takwas ko fiye, da tazarar makonni huɗu zuwa takwas gwargwadon wurin. A kowane zama gashin da ya saura yana ƙara siriri da haske, sai a ɗan ƙara ƙarfi ko a gajarta harbi in fatar ta nuna ta jure na baya. In kuma mutum ya sha rana a tsakani, ya yi aikin gona ko ya dawo daga Hajji fatarsa ta ƙara duhu, sai a ja baya ko a ɗage. Duk wannan a rubuce ya kamata ya kasance: na'urar da aka yi amfani da ita, zango, ƙarfi, faɗi, tsawon harbi, sanyi, da yadda fata ta amsa.

Furfura kam babu saitin da zai kama ta, tunda babu melanin a cikinta, kuma ƙara wuta saboda ita fata kawai zai ƙona. Mai son rabuwa da farin gashi sai ya nemi tsohuwar hanyar nan ta siririyar allura mai ɗauke da lantarki, wadda ake bi da ita rami-rami. Wani likitan ido mai suna Charles Michel ne ya fara ba da rahoton amfani da ita a 1875 a birnin St. Louis na Amurka, don cire gashin ido da ke juyawa ciki yana sukar ƙwayar idon, kuma ita ba ruwanta da launin gashi ko na fata.